Wa ke kallon jirgin? Yadda matuƙi zai riƙe hankalinsa daga tashi har sauka

Lokacin da nake koyon tuƙin jirgin sama akwai abun da malamina ya min wanda har yau in na tuna sai na ji kunya. Mun juyo za mu sauka, na saita jirgi da titin sauka, komai na tafiya daidai har na fara jin kaina, kawai sai na ji ƙwas, bironsa ya faɗi wajen ƙafata, ya ce ɗan miƙo min biron nan. Ni kuma ga tarbiyyar gida, babba ya ce ka miƙo masa abu ai ba ka tsayawa tunani, na sunkuya ina lalube, daƙiƙa biyar ko shida ne fa ba su fi ba, ina ɗagowa na ga hancin jirgi ya yi ƙasa, fiffiken hagu ya karkace, titin da na saita ya koma gefe guda. Ya karɓi jirgin muka sake zagayowa. Bai min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ya ce lokacin da kake neman biro wa ke tuƙa jirgin? Sai daga baya na gane da gangan ya yar, kuma malaman tuƙi da yawa haka suke gwada ɗalibi, ko su yar da biro ko su tambaye ka sunan wani ƙauye da ke ƙasa daidai lokacin da bai kamata ka kalla ba. Amsar da yake jira lokacin da ya ce in miƙo biron ita ce in ce masa malam a bari mu sauka tukunna.

To ƙanina mai koyo, ko a Zariya kake ko Ilori ko wata ƙasa aka tura ka, fara da yarda cewa kai ma hankalinka na ɗaukuwa. Ba maganar ƙwarewa ba ce, yawancin waɗanda zan ambata a nan kyaftin ne masu dubban awoyi a sama. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta yin aiki biyu masu buƙatar tunani a lokaci ɗaya, tsalle take daga wannan zuwa wancan da sauri har ka ɗauka tare kake yin su, taura biyu dai ba ta taunuwa. Kuma jirgi ba ya jiran ka gama. Ɗan lissafi: jirgin da ke gudun not 120 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) yana cin mita sittin da ɗoriya a kowace daƙiƙa, kenan in ka sunkuyar da kai daƙiƙa 10 ka wuce mita 600 ba ka gani ba, in kuma kana gangarowa ƙafa 700 a minti ka yi ƙasa da ƙafa ɗari da wani abu a wannan ɗan lokacin. A mota ka taka burki ka faka gefen titi ka amsa waya, a sama babu gefen titi.

Labarin da duk makarantar tuƙi ke bayarwa shi ne na jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401, daren 29 ga Disamba 1972. Sabon jirgi ne dal, Lockheed L-1011, ya taso daga Niyok zuwa Miyami a Amurka. Sun zo sauka sun saki tayoyi, sai koren fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta kulle ta ƙi kamawa. Suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2,000 suka nufi saman fadamar Everglades inda babu ko fitila ɗaya a ƙasa, suka sa otofayilot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya riƙe musu tsayin, har nan duk daidai suka yi. Matsalar ita ce kowa a ɗakin ya koma kan fitilar nan, kyaftin da mataimakinsa suna kokawar cire ta da mayar da ita, injiniya ya sauka ramin da ke ƙarƙashin ɗakin matuƙa zai leƙa tayar da idonsa, harda wani ma'aikacin kamfanin da ke zaune tare da su ya sa hannu. A cikin haka ne bincike ya nuna wataƙila an ɗan bugi sitiyari ba a sani ba, otofayilot ya daina riƙe tsayin, jirgi ya fara gangarowa a hankali a hankali yadda jiki ba zai ji ba. Ƙararrawar da ke gargaɗi in an bar tsayin da aka saita ta yi ƙara, babu wanda ya nuna ya ji. Sai da ya rage 'yan daƙiƙu mataimaki ya lura da altimita, na'urar da ke nuna tsayi. Mutum 101 suka mutu. Da aka bincika, tayar nan lafiyarta ƙalau ta fito ta kulle, ƙwan fitila ne ya ƙone. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Abun da za ka ɗauka daga nan, kuma shi ne ginshiƙin aikin, duk lokacin da wani abu ya taso, kafin a taɓa littafi ko maɓalli a fara raba aiki da baki. Ɗaya ya ce ni ke tuƙi kuma rediyo na hannuna, kai ka duba matsalar. Da baki fa, ba wai a zuci ba, saboda in ba a faɗa ba kowa zai ɗauka ɗan'uwansa na kallo. Kuma wanda aka bar wa tuƙi ya haƙura da son sani, wallahi wannan ne mai wuya, kana jin abokin aikinka na fama da abu kusa da kai ranka na so ka leƙa ka ba da shawara, to haƙuri, idonka na kan mizanin jirgi da gudu da tsayi da alkibla, kana zagaya su kamar mai jan carbi. In za a miƙa tuƙi a yi shi sau uku kamar yadda ake koyarwa, da Turanci ake faɗa amma ma'anar kenan, jirgi na hannunka, ya amsa jirgi na hannuna, ka sake cewa yana hannunka, sannan ka saki.

Misalin waɗanda suka yi shi daidai akwai jirgin kamfanin Qantas na Ostareliya mai lamba 32 a ranar 4 ga Nuwamba 2010, ƙaton Airbus A380 da mutum 469 a ciki, inji ya fashe jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, tarkace suka huda fiffike suka yanke wayoyi, kwamfutar jirgin ta dinga zubo saƙonnin matsala ɗaya bayan ɗaya. Mataimaki ya zauna yana bin saƙonnin kusan minti 50, shi kuma kyaftin Richard de Crespigny yana riƙe da jirgin. Suka dawo suka sauka ba a rasa ko rai ɗaya ba. Ka kwatanta, can ƙwan fitila ya cinye mutum 101, nan inji ya tarwatse kowa ya koma gida. Babbar matsala tana tsorata mutum ya nutsu ya bi tsari, ƙaramar ce ake rainawa a taru a kanta kamar ana gyaran rediyo a tsakar gida.

Otofayilot kuma kar ka ɗauke shi matuƙi na uku da za ka juya wa baya. Yaron aiki ne mai biyayya amma ba ya cewa uffan in bai ji umarni ba. Nan kusa da mu a Duwala ta Kamaru, daren 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways 507 ƙirar Boeing 737 ya tashi zuwa Nairobi cikin duhu ga hadari ya haɗu. Bayan tashi kyaftin ya yi kiran a sa otofayilot ya saki sitiyari, amma otofayilot bai kama ba kuma ba wanda ya tabbatar, hankali ya tafi kan kauce wa hadarin, kusan minti guda babu mai tuƙa jirgin, yana ta karkata dama a hankali, lokacin da gargaɗi ya yi ƙara kyaftin ya riga ya rikice bai san ina ne daidai ba. Suka faɗa fadama, duka mutum 114 suka rasu. Don haka duk maɓallin da ka danna, ɗaga ido ka karanta a saman allo cewa ya kama, ka faɗa da ƙarfi, ɗayan ya amsa. Danna maɓalli daban, jirgi ya karɓa daban. Kuma da dare ko cikin gajimare ko lokacin hazon hunturu namu da sama da ƙasa ke zama kala ɗaya, jikinka ƙarya zai maka, kunnenka na ciki ba ya jin karkata in a hankali take zuwa, na'ura kawai za ka yarda da ita.

In kai kaɗai ne a ƙaramin jirgi babu wanda za ka raba aiki da shi, sai ka raba lokaci. Tsarin da kowa ya haddace shi ne tuƙi farko, sannan sanin inda kake da inda ka nufa, magana a rediyo ita ce ta ƙarshe. Haddacewa ba wuya, aiki da shi ne wuya, saboda rediyo na da murya kuma mu mutane ne, in an kira mu sai mu ji dole mu amsa nan take. Kontrola, wato jami'in da ke ba jirage umarni ta rediyo daga ƙasa, ya kira ka kana tsakiyar juyawa ko kana gab da taɓa ƙasa, ce masa ya dakata, kalma ɗaya ce, ko ma ka yi shiru ka gama abun da kake sannan ka amsa, ba zai ji haushi ba in ma ya ji yana ƙasa kan kujerarsa. Wani abun da ke yawan faruwa a ƙananan jirage shi ne ƙofa ta buɗe ana tashi. Ƙara ce mai firgitarwa, iska na shigowa, takardu na tashi, fasinja na salati, amma yawancin ƙananan jirage suna tashi lafiya da ƙofa a ɗan buɗe, iskar ma ba ta barin ta buɗe sosai. Waɗanda suka mutu a irin wannan yawanci ba ƙofar ce ta kashe su ba, sun saki tuƙi ne suna kokawar rufe ta a kusa da ƙasa har gudu ya ƙare. Ka bar ta ta yi ta ƙararta, ka hau, ka zagayo, ka sauka, ka rufe ta a ƙasa. Haka in ƙudan zuma ya shigo, haka in taswira ta faɗi, haka in yaro ya yi amai a baya.

In dole sai ka duba wani abu a ciki, yanka shi gutsi-gutsi. Daƙiƙa biyu ko uku kan abun, ka ɗago ka zagaya na'urori da waje, ka koma. Zai ɗau lokaci fiye da yadda kake so, ba komai. Kuma kafin ka fara, sama wa kanka wuri, hau sama inda ba tsauni ba eriya, daidaita jirgi ya zauna da kansa, duba mai ka ce ina da minti kaza, in ya cika zan sauka ko na gane matsalar ko ban gane ba. Saita agogo ma in kana da shi.

Maganar mai ta tuna min da jirgin kamfanin United mai lamba 173, ranar 28 ga Disamba 1978 a Fotland ta Amurka, shi ma tayoyin sauka ne suka ba da shakku, DC-8 ne da mutum 189. Kyaftin ya yi ta zagaye kusan awa guda yana nazarin tayoyi da shirya fasinjoji, mai ya ƙare, injina suka mutu, suka faɗa unguwa mutum 10 suka mutu. Mataimaki da injiniya sun ga man na raguwa, sun ma ambata, amma a sanyaye cikin ladabi yadda bai shiga kunnen kyaftin ba. Bayan wannan ne aka fara horon haɗin kan ma'aikatan jirgi da ake kira CRM, United ɗin ce ma ta fara shi sosai a 1981. Nan fa mu 'yan Arewa sai mun yi da gaske, don an raine mu da jin nauyin na gaba, ba ka katse babba, ba ka ce masa ya yi kuskure a gaban mutane, in ma za ka faɗa sai ka zagayo ta bayan gida. A zaure wannan ado ne, a ɗakin matuƙa kuwa yana iya zama ajali. Ba rashin kunya za ka yi ba, kira shi da kyaftin, faɗi abun da ka gani da lamba, faɗi abun da kake so a yi, ka jira amsa. Kyaftin, manmu na minti 20 ne, mu nufi fili yanzu. Kyaftin, gudunmu ya ragu da not 10. In bai amsa ba ka maimaita da ƙarfi, mutumin da hankalinsa ya nutse a abu ɗaya kunnensa toshewa yake, ba wulaƙanci ba ne. Kai kuma ranar da ka zama kyaftin, tun a ƙasa ka ce wa yaronka in ka ga wani abu ka faɗa min kai tsaye, ka kuma nuna da gaske kake ranar da ya faɗa ɗin ko da shi ne bai gani daidai ba.

Sai hira. Ranar 11 ga Satumba 1974 wani DC-9 na Eastern ɗin dai, mai lamba 212, yana gangarowa garin Shalot na Amurka cikin hazo, baƙin akwatin da ke naɗar maganar matuƙa ya nuna matuƙan na ta hirar siyasa da tsofaffin motoci, suka bugi ƙasa kafin su kai titi, mutum 72 cikin 82 suka mutu. Irin wannan ne ya sa a 1981 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta kafa dokar da ta hana duk wata magana ko aiki da bai shafi tuƙi ba lokacin da jirgi ke tafiya a ƙasa, da tashi, da sauka, da duk hawa ko gangarowa ƙasa da ƙafa 10,000. Ba hira, ba cin abinci, ba cike takardun kamfani, ba nuna wa fasinja gari. Yau kusan ko'ina a duniya ana bin irin ta. Amma doka a takarda ba ta rufe bakin kowa, a 2006 ma a Lekzinton ta jihar Kentaki a Amurka, jirgin Comair 5191, da asuba ana hira ana tafiya zuwa titi, suka hau titi mai lamba 26 mai tsawon ƙafa 3,500 wanda ko fitila babu, alhali 22 aka ba su mai ninkin tsawonsa, mutum 49 cikin 50 suka mutu. Da wani ya kalli kamfas ya kwatanta da lambar titin kafin a ba da wuta da an gani, don lambar titi alkiblarsa take nunawa. Mayar da wannan al'adarka, duk lokacin da ka hau titi karanta lambar da ke rubuce, kalli alkiblar da na'ura ke nunawa, su yi daidai da abun da aka ba ka.

Ƙaramin jirgi sau da yawa ba ya ma kai ƙafa 10,000, don haka kai za ka yanka wa kanka iyaka. Ni nawa shi ne daga tada inji har na kai tsayin tafiya, sannan daga minti 10 kafin fili har na kashe inji. Kuma tun a ƙasa nake gaya wa fasinja, kafin a rufe ƙofa, in ce ranka ya daɗe akwai lokaci biyu da ba zan iya amsa maka ba, tashi da sauka, in ka ga na ɗaga hannu haka to a ɗan dakata min, amma in ka ga wani jirgi ko hayaƙi ko ka ji wari ka faɗa ko yaushe ne. Manya ma suna jin daɗin wannan, yana nuna musu ka san aikinka, abun da ba sa so shi ne ka share su ba bayani. Mai surutu kuma ba shi aiki, ka ce ya taya ka duba jirage ta tagarsa, shikenan ka mayar da shi ɗan aiki. In abun ya ƙi, yawancin na'urorin magana na cikin jirgi suna da maɓallin da ke raba hedfon ɗinka da na fasinjoji, danna abunka. Ɗora wani kan kujerar tuƙi don a burge shi kuwa, a 1994 wani matuƙin kamfanin Aeroflot na Rasha ya ɗora 'ya'yansa a jirgin Airbus A310 daga Mosko zuwa Hon Kon, ɗan ya danna sitiyari har wani ɓangare na otofayilot ya saki ba a lura ba, mutum 75 suka tafi a Saberiya.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu, katsewa a tsakiyar ceklis, wato jerin abubuwan da matuƙa ke karantawa suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun taɓa tace rahotanni 107 da matuƙa suka rubuta da kansu, suka ga kusan kashi 90 na abubuwan da suka ɗauke musu hankali iri huɗu ne kacal, magana, da aikin sunkuyar da kai kamar shigar da bayanai a kwamfuta, da neman wani jirgi da ido, da fama da wata matsala. Ka lura duk aikin halal ne, ba wasa ba ne, shi ya sa ba za ka iya kawar da su ba, sai dai ka iya dawowa daga gare su. Kuma dawowar ce ke da tarko. Kana karanta ceklis ka kai layi na biyar, tawa, wato hasumiyar da ke ba jirage umarni a fili, ta kira, ko ma'aikaciyar jirgi ta leƙo da takardar yawan fasinja, ka amsa, to ƙwaƙwalwarka sai ta rubuta cewa an yi ceklis, saboda ta tuna an fara. Ba ta da ƙararrawar da ke cewa saura layi uku. Jirgin Northwest 255 a Ditiroyit ta Amurka, 16 ga Agusta 1987, an canza musu titi, sun ɗan sha wahalar gano hanyar da za su bi, ceklis ɗin tafiya a ƙasa ya bi ruwa, suka tashi ba su saki filaf ba, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saki don ya taimaka wa jirgi ɗagawa, ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe su ita ma ba wuta a jikinta, cikin mutum 155 yarinya 'yar shekara 4 ce kawai ta rayu. Shekara 21 bayan nan kusan abu ɗaya ya maimaitu a Madrid ta ƙasar Sifen, jirgin Spanair 5022, irin jirgin ma ɗaya MD-82, sun koma don gyara an yi latti ga zafi ga fasinja sun ƙosa, aka tsallake layin filaf, a dubawar ƙarshe mataimaki ya faɗi lambar da ya saba faɗa ba tare da ta kasance haka ba, mutum 154 suka mutu.

Maganin ba tsada. In an katse ka, kar ka ajiye ceklis ɗin, riƙe shi a hannu da yatsanka a kan layin da ka tsaya, ka ce da baki mun tsaya a filaf. In ka dawo kana da ko ɗigon shakka, koma farko, minti ɗaya ne. In an ɗage wani abu zuwa anjima, misali an ce a bar filaf sai an kusa titi, ƙirƙiri abun tuni da ido zai gani, ka maƙala katin ceklis a wajen liban ƙara wa inji wuta inda dole hannunka ya taɓa shi, ko ka bar shi a cinyarka, wasu har kofin shayi da ba komai a ciki suke kifawa kan hannun filaf. Kar ka ce zan tuna, kowa haka ya ce. Kuma in ana karanta layi, kalli abun, taɓa shi ko nuna shi da yatsa, sannan ka amsa abun da ka gani. Bakin da ya saba yana iya karanta ceklis gaba ɗaya kamar karatun allo hankali na wani gari. Duk bayan katsewa kuma yi wa kanka tambaya uku da sauri, me nake yi kafin nan, ina na tsaya, me ya canza a jirgin tun da na ɗauke ido.

Aikin sunkuyar da kai kuwa yi shi tun bai zama dole ba. Hanya, mitocin rediyo, taswirar filin da za ka, duk a shirya su jirgi na tsaye da burki. Shirin sauka a yi shi a sama lokacin da ba hayaniya kafin a fara gangarowa. In an canza muku titi a ƙurarren lokaci, mutum ɗaya ne ke shiga kwamfuta, ya ce kaina na ƙasa, ɗayan ya ce ina kallo, kai biyu ba sa sunkuyawa tare. In lokaci bai isa ba a nemi ƙari a wajen kontrola, ko a fasa saukar a sake zagayowa. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni ke bi ita ce in an kai ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko 500 in ana ganin fili, jirgi bai daidaita ba a gudu da saiti da tayoyi da filaf, to a tashi a sake. Ba abun kunya ba ne, man minti 10 ne.

Waya da laftof ba sai na ja ba. A Oktoban 2009 matuƙan Northwest 188 suka buɗe laftof suna duba sabon tsarin jadawalin aiki, fiye da awa guda kontrola na kira shiru, suka wuce Miniyapolis, garin da za su sauka a Amurka, da mil 150, sai da ma'aikaciyar jirgi ta tambaye su yaushe za a sauka suka farga, aka ƙwace musu lasisi, kuma a 2014 FAA ta hana matuƙan jiragen fasinja amfani da irin waɗannan na'urori don harkar kansu a bakin aiki. A 2011 a jihar Mizuri ta Amurka wani matuƙin helikwaftan ɗaukar marasa lafiya yana ta musayar saƙon tes kafin tashi da kuma a sama, ya tashi da man da bai kai yadda ya zata ba, ya ƙare gab da fili, mutum 4 suka mutu. Ka lura tun a ƙasa shagalar ta fara, lokacin duba jirgi. Don haka tun kafin ka fara zagaya jirgi wayar ta shiga jaka, in an kira ka kana tsakiyar dubawa koma baya mataki uku ka sake, in kuma tablet kake amfani da shi don taswira kashe duk sanarwar WhatsApp da sauransu. Masu son ɗaukar bidiyo don TikTok, a maƙala kyamara a kunna tun a ƙasa a manta da ita, ko a bar wa fasinja.

Akwai kuma wanda ba ya ƙara, wanda ka shigo da shi daga gida. Rigima da iyali, bashi, mara lafiya a asibiti, rashin barci, yunwa, ƙishirwa, har fitsari da ya matse ka. Mai gajiya ɗan abu kaɗan ke janye shi kuma ya fi daɗewa bai dawo ba. Lokacin azumi ka yi wa kanka adalci, barcin da aka yanka saboda sahur ga ƙishin la'asar ga zafin ɗakin matuƙa, ka san yadda jikinka yake, addini ya yi wa matafiyi rangwame, ka tambayi malamai ka kuma duba ƙa'idar wajen aikinka. In ka ga ka karanta layi ɗaya sau uku bai shiga ba, ko an kira lambar jirginka sau biyu ba ka ji ba, alama ce, gaya wa abokin aikinka yau ba na cike ka sa min ido. In kai kaɗai ne kuma jirgin ba dole ba ne, bar shi gobe.

Bayan an taɓa ƙasa ma aiki bai ƙare ba, nan ne jiki ke saki a fara wash Allah, hannu ya tafi kan maɓallai ana gudu a titi, akwai waɗanda suka janye tayoyi suna zaton filaf suke ɗagawa. Kar ka taɓa komai sai ka fita daga titi gaba ɗaya ka wuce layin tsayawa, sannan ceklis, sannan ka bi taswirar fili da ido a waje, umarnin tawa in ya yi tsawo rubuta shi. In an kashe inji farfela ta tsaya, kafin ka ciro waya ɗauki minti biyu ka rubuta a ɗan littafi abun da ya janye ka yau da kuma a wane lokaci. Nawa littafin da na duba bayan wata shida, kusan rabin abun da ke ciki a wuri ɗaya ne, daidai lokacin da tawa ke canza min umarni ina tsakiyar shirin sauka, tun daga nan na dawo da ceklis ɗin saukata baya da minti biyu.